Tukunyar gida: ƙananan canje-canje da za su ƙara wa iyali lafiya



A wannan fitowar za mu yi magana a kan tukunya. Mu da muke tafinta a ofishin kariya muna zama tsakaninku da ma'aikata kullum, kuma ko wace matsala ce ta kawo mutum, da wuya a tashi ba a taɓo zancen abinci ba: rabo bai kai ƙarshen wata ba, yaro ya ƙi ƙiba, ƙafafun tsohuwa sun kumbura, itace ya yi nisa. Tun 2019 da jama'a suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, iyalai da yawa da suka saba da rumbu da garke sun koma auna hatsi da gwangwani.

Cikakken rabon agaji ana lissafa shi ne a kan kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana, kuma kowa ya san idan kuɗin agaji ya yi ƙaranci rabon yakan ragu. Ƙara shi ba a hannun mai girki yake ba. Abin da ke hannunta shi ne me za ta jefa a tukunya, nawa za ta jefa, kuma yaushe. Abubuwan da za mu kawo a nan duka ana iya yinsu da abin da ake samu a rabo, ko a kasuwar ƙauye, ko a bayan ɗaki. Wasunsu ma rage kashe kuɗi suke yi.

Gishiri da dunƙulen magi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya wanda ba a yi masa tozo ba. Wannan lissafin ya haɗa duk abin da mutum ya ci daga safe zuwa dare. Yara kuwa ƙasa da haka suke buƙata.

Inda muke yawan ruɗuwa shi ne dunƙule. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Wadda ta jefa uku a miya, ta ƙara gishiri da hannu, ta kuma barbaɗa yaji mai gishiri a kan tuwo, ta zuba gishiri sau uku ke nan. Gishiri mai yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya hau, zuciya da ƙoda su wahala. Hawan jini kuwa ba ya yin sallama. Mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Canjin mai sauƙi ne. Idan kina sa dunƙule huɗu, koma biyu, ki cike gurbin da daddawa, ta kalwa ko ta batso, wadda iyayenmu suka yi miya da ita tun kafin dunƙule ya shigo. Albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kauɗar tumatir da ɗan garin busasshen kifi duk suna tayar da miya. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri. Idan taliyar leda kika dafa wa yara, rabin garin da ke cikin ƙaramar ledar ya isa. Kwanakin farko maigida zai ce miya ta yi lami. A rage kaɗan-kaɗan, cikin ƴan makonni harshe yakan saba.

Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya zama mai sinadarin aidin, irin wanda ake rabawa ko na leda da aka rubuta a jikinsa. Rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Gishirin da ake sayarwa a buɗe a tire babu tabbacin an sa masa aidin. Shi aidin yana gudu idan gishiri ya sha rana ko danshi, don haka a zuba shi a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu, a sa shi dab da sauke tukunya.

Kanwa

Muna sa kanwa don wake ya yi saurin nuna, don kuɓewa ta yi yauƙi, don a kashe tsamin yakuwa da rama. Sai dai kanwa ƴar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta. Ban da haka tana lalata wasu bitamin da ke cikin wake da ganye. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai ciki su ne suka fi cutuwa.

A nan muna roƙon kakanni da surukai su saurare mu da kyau, don su ne masu kula da jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego. Mun san da kyakkyawar niyya ake damawa, don nono ya zo, jiki ya yi ƙwari. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa jariri a mama, da uwa ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa sosai. A dama mata kunun gyaɗa ko kunun tsamiya, a ba ta wake da miyar ganye, a janye kanwar. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki daga ɗan motsi, ko take tari da dare har ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a kai ta asibiti ran nan. Kada a jira arba'in.

Wake: jiƙo maimakon kanwa

Wake shi ne naman da muke iya saye. Tuwon gero ko shinkafa da aka haɗa da wake sun fi gina jiki nesa ba kusa ba a kan hatsi zalla, domin abin da ɗaya ya rasa yana cikin ɗayan. Ko gwangwani ɗaya na wake aka zuba a kan uku na shinkafa, an ci riba.

A tsince wake da yamma, a jiƙa shi ya kwana, da safe a zubar da ruwan jiƙon a ɗora da sabon ruwa, a rufe tukunya. Zai nuna da wuri ba tare da kanwa ba, kumburin ciki zai ragu, jiki kuma zai fi samun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikinsa.

Mu a ofishin kariya akwai wani dalilin da ya sa muke nanata wannan. Duk tukunyar da ta nuna da wuri ta rage cin itace, itacen da ya rage kuwa tafiya daji ce ta ragu ga mata da ƴanmata. Kun san abin da ake gamuwa da shi a can: nisa, rigima da masu gona, wani lokaci abin da ya fi haka muni. Jiƙa wake, rufe tukunya, kare murhu daga iska, da haɗa girki da maƙwabciya duk kariya ce.

Ganye

Da damina Allah yana ba mu abin da ba sai an saya ba: tafasa, rama, yakuwa, lalo, alayyahu, gasaya, ganyen wake, ga zogale da kuka da ake samu kusan duk shekara. Ganye mai duhun kore yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya kuma sa kyanda da gudawa su yi wa yaro tsanani.

Yadda muke dafa shi ne yake rage masa amfani. A wanke ganye kafin a yanka. Idan aka yanka sannan aka wanke, amfanin yana bin ruwa. A zuba shi a ƙarshen girki, ya ɗan yi laushi a sauke, kada a bar shi har ya koma baƙi. Ruwan da aka tafasa zogale kada a zubar, a yi miya da shi. Ganye mai ɗaci ko tsami sosai da dole sai an tsiyaye ruwansa, a yi amfani da ruwa kaɗan, sau ɗaya. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin sai da maiƙo jiki ke ɗaukar bitamin A. Shi ya sa kwaɗon zogale da ƙuli da albasa da tumatir abinci ne na gaske.

Wadda za ta shanya don rani ta shanya a inuwa, inda iska ke wucewa, a kan tabarma mai tsabta. Rana tana ƙone amfanin. Ganyen da ya bushe yana kore shar ya fi wanda ya koɗe. A daka, a tankaɗe, a zuba a abu mai murfi. Babban cokali ɗaya na garin zogale a cikin miyar kuka ba ya canza mata ɗanɗano sosai. Haka nan duk abin da cikinsa ja ne ko ruwan ɗorawa, kamar kabewa, karas, mangwaro, gwanda, manja da dankali mai jan ciki, yana yin irin wannan aikin a jiki.

Kunun yara

A nan ne ƙaramin canji ya fi yin tasiri, don haka za mu ɗan tsaya.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla. Ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, ko da zafin bazara ne. Ruwan da jariri ke buƙata yana cikin nonon. Daga wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Tamowa ta fi kama yara tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma sau da yawa a gidan da ake dama koko kullum. Dalili shi ne cikin yaro ƙarami ne, kusan kofin shayi ɗaya yake ɗauka a zama guda. Idan aka cika shi da koko tsararo wanda yawancinsa ruwa ne, yaro zai yi shiru kamar ya ƙoshi, alhali jikinsa bai samu abin da zai girma da shi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi kunun a cokali ki karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, ya yi tsararo. Kunun da ya dace yana ɗan tsayawa a cokali kafin ya sauka.

Ga haɗin da za a iya yi a gida. A auna gero gwangwani uku, wake ko waken suya gwangwani ɗaya, gyaɗa gwangwani ɗaya. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, a haɗa a niƙa, a tankaɗe. Irin wannan haɗin na gero, waken suya da gyaɗa ne tushen garin Misola da wasunku suka gani a nan Nijar. A niƙa na mako ɗaya ko biyu kawai, don gari mai gyaɗa ba ya jure dogon ajiya. Idan an dama, a bar shi ya tafasa sosai, a sauke, a zuba cokalin shayi ɗaya na mai. Ranar da aka samu, a ƙara garin zogale, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai da aka murje, ko madara. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ko ya hana shi magana ba ta da tushe. Ƙwai yana cikin abinci mafi amfani ga yaro.

Idan yaro ya kasa haɗiye kunu mai kauri, akwai dabara. A jiƙa gero, a shimfiɗa a rufe da tsumma mai laima kwana biyu zuwa uku har ya yi tsiro, a shanya ya bushe ƙayau, a murje saiwar da tsiron a fece, a niƙa. Idan aka dama kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa cokalin shayi ɗaya na wannan garin a juya. Cikin ƴan mintuna kunun zai saki ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba. A mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro.

Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar ayaba ko dafaffen dankali. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don a kwanon taro manyan yara ne ke cinyewa. Kada a sa masa dunƙule ko yaji, kada a cika suga, kuma zuma sai ya cika shekara 1. A wanke hannu da sabulu kafin a dama da kafin a ba shi. Kunun da ya wuni a buɗe ba na yaro ba ne.

Garin kunu na musamman da ake ba yara da masu ciki da masu shayarwa an riga an ƙara masa bitamin, a dafa shi yadda ma'aikata suka nuna. Shi kuwa Plumpy'Nut, wato tunkuzar leda da ake ba yaro mai tamowa, magani ne da aka auna daidai da nauyin yaron. Idan aka raba da yayyensa ko aka sayar, yaron ba zai warke ba.

Mai

Man da ake rabawa an ƙara masa bitamin A da D, kuma haske yana lalata su, don haka a rufe jarka a ajiye a inuwa. Yara da masu shayarwa suna buƙatar mai. Tsofaffi masu ƙiba ko hawan jini su ne za su rage. Man da aka soya ƙosai ko awara da shi sau da yawa har ya yi baƙi yana hayaƙi, a rabu da shi. Wani lokaci a yi alala ko ɗanwake a madadin ƙosai: waken ɗaya ne, man ya ragu.

Suga da shayi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babba ke sha a rana ya wuce kimanin cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Iyayenmu maza da ke zaman shayi a majalisa, ku lissafa abin da ke shiga buta daga na farko zuwa na uku. A rage rabi. A soɓo da kunun zaƙi a sa citta da kanumfari, ko ɗan dabino, a janye suga. Garin lemo na leda da ake kaɗa wa yara suga ne da kala. Ruwan tsamiya ko na ƴaƴan kuka ya fi shi amfani, ya kuma fi arha.

Shayi yana da wani halin: yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Mai ciki, budurwa da duk mai ƙarancin jini su bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi, ƙananan yara kuwa kada a ba su. Abu mai tsami irin lemun tsami, ɗanyen tumatir da ƴaƴan kuka akasin haka yake yi, yana taimaka wa jiki ya ɗauka. Matsa lemun tsami a kan shinkafa da wake ƙaramin abu ne mai amfani. Wannan bai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awon ciki ba. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta kuma sha su.

Hatsi da gyaɗa

Gero da dawa da aka surfa har suka yi fari tas sun bar rabonsu mai yawa a cikin dusa. A sassauta surfe. Gasarar da ta kwana ta ɗan yi tsami tana da sauƙin narkewa a ciki.

Gyaɗa da masara da suka sha danshi suna yin fumfuna, ita kuwa tana fitar da dafin da ke lalata hanta, yana kuma hana yara girma. Wuta ba ta kashe shi. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yi kore, ta yanƙwane ko take ɗaci, a tsince a zubar. Mun san zubar da abinci a wannan halin yana da ciwo, amma kada arha ta sa a sayi ruɓaɓɓiyar gyaɗa don kunun yara. A ɗora buhu a kan itace ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango.

Ranar kasuwa

Waɗanda ake ba kuɗi, da waɗanda ke sayar da wani abu daga rabo don cefane, ba mu zo da zargi ba. Sabulu, magani da niƙa duk kuɗi suke ci. Shawararmu ita ce mai, wake da garin kunun yara su zama na ƙarshe da za a rabu da su, don su ne suka fi wuyar mayarwa. Kuɗin dunƙule, lemon leda da alewa na mako guda, idan aka tara, yana iya sayen ƙwai, ƙuli-ƙuli, daddawa ko ɗan busasshen kifi. Fara ma, a lokacinta, abinci ce mai gina jiki in an tabbata ba daga inda aka yi feshin magani ta fito ba. Wanda ke da ɗan fili a bayan ɗaki ya dasa zogale biyu ko uku, ya riƙa ba su ruwan da aka wanke hatsi da shi.

A wajen rabon kwano kuma a tuna da mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro, tsoho da mara lafiya. A gidaje da yawa uwa ce ke ci a ƙarshe, abin da ya rage. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Maigida ya duba kwanon matarsa.

Inda za a nemi taimako

A riƙa auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da zaren awo mai launi uku. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a kai shi a duba, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Haka nan idan ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci, ko gudawa ta ƙi tsayawa. Manya da suka haura shekara 40 su riƙa zuwa a auna musu jini ko ba sa jin komai. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga kada ya bari don ya gyara abinci, sai da izinin likita.

Muna kuma tunatarwa: duk abincin agaji kyauta ne. Babu wanda ke da ikon neman kuɗi, ko wani kaso na rabonku, ko wata alfarma ta jiki kafin ya sa sunanku ko ya ba ku abin da yake haƙƙinku. Wanda aka yi wa haka, ko wanda aka ƙwace wa katinsa, ya zo ofishin kariya ko wurin karɓar koke. Za a saurare shi a asirce, da Hausa, kuma mace tana iya neman mace ta saurare ta.

Ba sai an yi duka a rana ɗaya ba. Kowane gida ya ɗauki abu ɗaya a wannan makon, ko jiƙa wake, ko rage dunƙule, ko kaurara kunun yaro, idan ya zauna a ƙara wani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda, musamman kakanni da matan da ba su samu zuwa taro ba.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.